Hannun da ke Cikin Akuyar

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina. Ba wai abin kunya ba ne. Abin da ya sa shi ne duk inda na ba da shi sai a tsare ni, wai sai na faɗi wa ke da gaskiya, ni kuma har yau ban sani ba. Na ba da shi a tashar mota a Kumasi, na ba da shi a masaukin 'yan atamfa a Lome, na taɓa ba da shi a layin awon kaya a Jidda. Ko'ina sai masu sauraro su rabu biyu kamar yadda muka rabu muna yara, daga ƙarshe kuma ɓangarorin biyu su haɗa kai su fara zargina. Amma kwanan nan 'yar autata ta manna mini waya a fuska, wai in ga shirin yaran da take so. Yaran tsaf-tsaf, babu mai tuntuɓe a magana, babu mai sosa kai, babu wanda ya juya yana neman uwarsa. Na ce mata waɗannan ai ba yara ba ne, manya ne aka matse. Tun ranar abin ya taso mini.

A Kakuri ta Kaduna na tashi, lokacin masaƙu suna da rai. Jiniyar canjin aiki ita ce agogonmu. In ta yi kuka sai ka ga titi ya cika da kekuna, masu fita da auduga a gashi, masu shiga da kwanon abinci a ɗaure a bayan sirdi. Gidan haya muke, ɗakuna jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifina a sashen rini yake, shi ya sa tafin hannunsa ba ya kwana biyu da launi ɗaya. Shekarar da nake magana ita ce wadda sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, can ƙarshen shekarun saba'in. Kowa yana murna, amma da ido ɗaya a buɗe. Mahaifina cewa yake yi sojan bai tafi ko'ina ba, ya shiga ɗaka ne ya canza riga. Iskar da muka shaƙa ke nan. In an faɗa maka magana, sai ka juya ta ka ga bayanta tukuna.

Talabijin ɗaya ne a gidan, kai, a rabin layin ma, na wani maƙwabcinmu da muke ce wa Baba. Baba mutumin kudancin Kaduna ne, oga a masaƙar da mahaifina yake, dattijon coci, mai ƙaton tabarau. Akwatin irin mai ƙafafun nan ne da ƙofar katako da ake ja, har da makulli, kuma baƙi da fari yake nunawa kamar na kowa a lokacin. Mama, matarsa, har mayafi ta saƙa masa. Akwatin nake nufi, ba Baba ba. Ɗan kawuna da ke zaune a unguwar Television, duk da sunan unguwar tasu, nan yake takowa kallo.

Ranar Asabar da la'asar Baba yake buɗe mana falo saboda shirin yara. Sai ka wanke ƙafa a famfo kafin ka hau ledar Mama. Ba gyaɗa, ba rake. Babbar dokar kuwa ita ce, duk wanda aka kama da ƙarya a cikin makon, taga zai koma. Taga ita ce kurkukunmu. Ta waje ake tsayawa, a bayan wayar sauro, a cikin yaran wasu layuka da ba su da gata, wannan ya taka ka, wancan ya hau kafaɗarka, abin da za ka gani kuma rabin akwati ne da ƙeyar Baba. Wanda aka mayar taga ba kallo kaɗai ya rasa ba. Sunan maƙaryaci zai bi shi har bakin famfo, in ya ce ruwa ya zo ma sai wani ya je ya duba.

Shirin kuwa, Allah Ya jiƙan zamani. Yara ne suke yin komai, aƙalla haka ake faɗa a farkonsa. Akwai wani yaro mai kunnuwa da ke saka kwat har gwiwa yana karanta labarai, wai an ga kaza ta shiga aji a Tudun Wada ta ƙi fita sai da aka tashi. Akwai yarinyar da ke koya yadda ake ƙera mota da gwangwanin madara da tsohon silifas, rabin lokaci tayar ta fita a gabanmu ta bi ta ɗauko. In waƙa ta ɓace musu a tsakiya sai su tsaya su kalli juna, ɗaya ya ƙyalƙyale, su sake daga farko. Wata rana allon da aka zana bishiya a bayansu ya kwanta a hankali, mai labarai ya waiga, ya dawo ya ce, a ci gaba da labarai. Abin da ya sa muke son su ke nan. Irinmu ne. Kana kallo kana jin in aka ba ka kwat ɗin kai ma za ka iya.

Da farar hula suka hau sai shirin ya ƙara majalisar yara. Kakakin majalisar yana da hular da ke rufe masa ido, yana buga tebur da muciya. Sannan ga akuya. Akuyar ta tsumma ce, bakinta safa, idanunta maɓallan riga, tana leƙowa daga bayan teburin kakakin ta cinye masa takarda. Duk ƙudurin da aka kawo, akuya ba ta yarda ba. A ƙara hutu, ba ta yarda ba. A rage hutu, ba ta yarda ba. Baba yakan yi dariya har ya cire tabarau, ya ce wannan ita kaɗai ce 'yar adawar gaskiya a ƙasar nan.

To, a ɗakin ƙarshe na gidanmu akwai wata yarinya sa'ata, 'yar wani bakanike Ibo mai gareji a bakin titi. A Kakuri aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi. Siririya ce, ba ta cika magana ba, kuma makarantar mishan take zuwa, ba tamu ba. Wurin zamanta a falon kusa da ƙafar akwatin ne, ta dama, kowa ya san nata ne.

Wata Asabar akuya ta cafke hular kakaki. Muna cikin dariya sai yarinyar ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Sai da na yi ta yi kafin na kama ta."

Ɗan telan gidanmu, wanda ya girme mu duka kuma shi ke raba mana wurin zama, ya juyo. "Kika kama me?"

"Hular."

"Da me?"

"Hannuna ne a cikin akuyar."

Duk falon ya juyo gare ta. Har akuyar kamar ta tsaya saurare.

"Madam," in ji ɗan tela, "ga hannunki nan a kan cinyarki, ga ɗayan a ƙasa. Ko uku gare ki?"

"Ba yanzu ake yi ba. Ran Laraba ake ɗauka, a ajiye."

"A ajiye a ina? A firij?"

Aka kwashe da dariya. Kada ku ga laifinmu. Mu a saninmu abin da ke cikin akwati a daidai lokacin yake faruwa. In mai labarai ya yi tari, yanzu ya yi shi. Har tausayin yaran muke ji, wai su ba sa samun kallon shirin. Sai ga wata tana zaune a gabanmu da ƙafafunta a miƙe tana cewa tana can ƙarƙashin tebur.

Ni na ɗauki aikin si'aidi, wato ɗan sandan ciki, ba wanda ya sa ni. Washegari na tare ta a bakin famfo.

"Muryar akuyar ta namiji ce."

"Wani yaro ne ke magana. Yana tsugune kusa da ni. Ni baki kawai nake motsawa."

"Me ya sa ke aka zaɓa?"

"Hannuna ne ya shiga. Kuma ba na dariya."

"Wa ke kai ki?"

"Malamarmu. Mu hau bas mu haye gada."

"Ina shaidarki?"

"Matsa, bokitina ya cika."

Kowace amsa tana zuwa da wuri, kuma wannan ne ya ƙara mini zargi. Amsar da ta zo da wuri haka, na ce a raina, tanadinta aka yi. Da ta yi in-ina kuma da na ce ga shi nan, ta rasa ta cewa. Yanzu da na girma na ga haka mai zargi yake, kowace hanya ka bi gidansa za ta kai ka.

Asabar ta gaba ban kalli akwatin sosai ba, ita na sa wa ido. Sai na ga yatsunta suna buɗewa suna rufewa a kan cinyarta, kuma wallahi kamar suna riga bakin akuyar da ɗan kaɗan. Na kai wa ɗan tela rahoto. Ya ce kwaikwayo ne, ko kuma tana da wani ɗan'uwa mai shara a can yana ba ta labari. Ran Laraba na zauna a ƙofar gida. Ba ta dawo ba sai bayan jiniyar yamma, gwiwoyinta fari fat da ƙura. Na ce to, ga alamar ƙarƙashin tebur. Ɗan tela ya ce a cocinsu ma ai durƙuso ake yi, koyon waƙa ta je. Muka tafi garejin ubanta, muka same shi rabinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar tasi. Muka gaishe da ƙafafunsa, muka tambaya ko 'yarsa ce akuya. Ya zuro kai ya dube mu, ya ce da Turancin buroka wace akuya, shi mota yake gyara, mu matsa daga haskensa. Uwarta kuwa ba a tambayarta abu, kafin ka buɗe baki ta aike ka niƙa.

Daga nan magana ta kai gaban Baba. Ɗan tela ya ce doka doka ce, a mayar da ita taga.

Baba ya ce, "Ana iya ɗaukar shiri a ajiye, wannan gaskiya ne, ba sai da firij ba."

Yarinyar ta ɗago kai.

"Amma 'yata, don ana ɗauka ba ya nufin ke aka ɗauka."

Ta mayar da kai ƙasa.

A da, Baba da kansa yake yanke hukunci, da yatsa ɗaya, ba ɗaukaka ƙara. Amma ranar sai ya gyara zama ya ce mulkin soja ya ƙare, a falonsa ma ya ƙare. Mu nemo shaida, mu kaɗa ƙuri'a. Mama ce hukumar zaɓe. Mama ta ce ita dai kada a ɓata mata leda.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Mun lura in akuyar ta miƙa wuya sosai, wani lokaci gefen tsumman yana ɗagawa. Na ce a ɗaura mata zare a wuyan hannu, ran Laraba ta miƙa akuyar har zaren ya fito. In mun gan shi, ita ce. In ba mu gan shi ba, taga. Aka zauna shawarar launi kamar ana zaɓen tutar ƙasa. Fari, kowa na da shi. Baƙi, kowa na da shi, uwayen yara ma suna ɗaura wa jarirai. Sai na ruga na lalubo aljihun rigar aikin mahaifina, inda guntayen zare ke maƙalewa, na zo da wani ja. Ba irin jan kasuwa ba. Ja ne mai zurfi, kamar zoɓon da ya kwana, sabon rini da ko shago bai kai ba. Ɗan tela, wanda ya san zare tun yana rarrafe, ya murza shi ya shinshina ya ce lallai babu irinsa a gari. Muka ji mun fi kowa wayo a kudancin kogin Kaduna.

Ni na ɗaura mata, a falon, a gaban kowa. Na yi ƙulli a kan ƙulli, na datse bakin da haƙori. Na tuna Mama ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya taɓa mata hannu, ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin riga, yana ta gogewa. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Daga baya shi ma ya shiga jerin waɗanda nake zargi.

Yarinyar ta dubi zaren ta ce, "Ba a yarda hannu ya fito ba. Za a yi mini faɗa."

"To ki sauƙaƙa mana," in ji ɗan tela. "Ga taga can."

Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. "Zan fito da shi."

Asabar ta zo, falo ya cika har da waɗanda ba su taɓa wanke ƙafa da son ransu ba. Akuya ta fito, ta ci takarda, ta ce ba ta yarda ba, ta koma. Ba hannu, ba zare.

"Wannan tsoho ne," in ji ta. "Namu bai zo ba tukuna. Akwai na gabansa."

"Firij ɗin ya cika ke nan," in ji ɗan tela.

Mama ta ce masu cewa taga su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar dawa. Ni ma na ɗaga, da abin da ido ya gani na yi aiki. Yarinyar ta miƙe ta ɗauki silifas ɗinta a bakin ƙofa ta fita, ƙanen ɗan tela ya zame ya gaje wurinta tun kafin ledar ta huce.

Makon nan ta ji jiki. In ta zo famfo sai ka ji wani ya yi kukan akuya daga bayan igiyar shanya. In ta ce uwarta na kiran wani, sai a ce a kawo shaida. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma cire zaren ba. Da shi take wanka, da shi take wanke-wanke, har ya ɗan kama fata. Wannan ma sai da na juya shi. Na ce ko dai mai gaskiya ce, ko kuma maƙaryaciyar da ta fi ƙarfinmu.

Na ɗauka ba za ta zo ba Asabar ta biye. Sai ga ta a taga, a matse tsakanin yaran layin baya, hancinta a jikin wayar sauro, hannun mai zaren ya riƙe ƙarfen tagar.

Majalisa ta zauna. Ƙudurin ranar, in ban manta ba, a kan a hana malamai aiken yara sayen ƙosai ne. Kakaki ya ɗaga takarda sama yana karantawa, sama sosai, don ya gaji da ciyar da akuya. Akuya ta leƙo. Ta miƙa wuya ba ta kai ba. Ta sake miƙawa. Sai muka ga ta taso gaba ɗaya, yadda ba ta taɓa yi ba, tsumman ya ɗage, ga wuyan hannu siriri, ga zare a ɗaure. Ya ɗan tsaya a nan, kamar mai cewa ku duba da kyau. Sai akuyar ta faɗa ƙasa da sauri kamar an fizgo ta daga baya.

Ba wanda ya yi dariya.

"Ga shi," in ji wata ƙaramar yarinya.

Ɗan tela ya ce, "Na ga zare. Wane launi ne?"

Nan muka kalli juna. Toka-toka ne. Kamar hular kakaki, kamar kwat ɗin mai labarai, kamar bishiyar allo, kamar duk abin da muka taɓa gani a akwatin nan tun ranar da aka buɗe mana shi. Kafaɗun Baba suka fara rawa saboda dariya.

"Ku da wayonku," ya ce, "yaushe kuka taɓa ganin ja a akwatin nan?"

Mama ta ce, "Na so in faɗa musu, ka hana ni."

"Hukumar zaɓe ba ta shiga kamfen."

Sai gardama ta ɓarke. Ɗan tela ya ce zare dai zare ne, yara nawa ke yawo da zare a hannu. Ya ce ko kuma mai akuyar ta gaskiya 'yar makarantarsu ce, ta roƙe ta ta ɗaura kowane iri ta nuna. Masu goyon bayanta suka ce yaushe akuya ta taɓa tashi haka, kuma ai an ga siririn hannu. Ɗan tela ya ce duk Kakuri wa ke da hannu mai ƙiba. Ita kuwa tana taga, ko murmushi ba ta yi ba. Na so a ce ta yi murmushin, da na san inda zan ajiye ta.

Mama ta tafa hannu ta ce a yi ƙuri'a, tana da miya a wuta. Masu cewa ta dawo suka ɗaga. Masu cewa ta zauna a taga suka ɗaga. Mama ta ƙirga ta sake ƙirgawa, kunnen doki. Sai ta hango ni na tura hannuwa a ƙarƙashin cinya.

"Si'aidi, saura kai. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance mana."

Ina so ku fahimce ni a nan, don nan ne ake fara zargina. Duk abin da ɗan tela ya faɗa na yarda zai iya yiwuwa, ni ma na riga na yi tunaninsa. Amma lokacin da tsumman ya ɗage, ni ja na gani. Ba toka ba. Jan nan mai zurfi na aljihun mahaifina, har da bakin da na datse da haƙori. Na san akwatin ba ya nuna launi, ba sai an faɗa mini ba. Amma abin da na gani ke nan, kuma yanzu ma in na rufe ido shi nake gani.

Na ce, "Ja na gani."

"A akwatina?" in ji Baba.

"A akwatinka, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. "To lallai na sayi akwati mai kyau. Mama, a sanar da sakamako."

Mama ta leƙa taga. "'Yata, je ki wanke ƙafa."

Ɗan tela ya ce an yi maguɗi. Baba ya ce ya tafi kotu.

Ta wanko ƙafa ta shigo, ƙanen ɗan tela ya matsa ba a ce masa ba, ta zauna a wurinta kusa da ƙafar akwatin. Ba ta gode mini ba. Da aka gama shirin ana ja wa akwatin ƙofa, sai ta miƙo mini hannu.

"Kwance abinka."

Na yi ta fama, ƙullin ya ƙi, sai da Mama ta kawo almakashi. Wurin ya bar mata layi a fata. Tana murza shi sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Sun cire ni. Tun ranar da aka ɗauka. Sun ce na ɓata musu hoto. Wata suka ba."

Ta tashi ta fita.

Kun ga inda ta bar ni. In gaskiya ta faɗa, to ta sayar da akuya ta sayi wurin zama a ledar Mama, kuma ta riga ta san ta rasa akuyar duk makon nan da ake mata kuka a bakin famfo. In kuma ƙarya ce, to ban taɓa ganin wanda ya rufe ƙofa a bayansa da kyau haka ba, don daga ranar babu sauran abin da za a ce ta nuna. Ta daina dawowa a makare ran Laraba. Yatsunta suka daina motsi a kan cinya. Ni a ganina akuyar ma ta canza, ta yi sanyi, bakinta yana makara, har murya ta gama cewa ba ta yarda ba kafin ya buɗe. Ɗan tela ya ce akuyar nan dai ita ce, idona ne ya saba ganin abin da babu.

Ba a daɗe ba ubanta ya tashi da garejinsa zuwa Sabon Tasha, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Shirin ya ci gaba na wani lokaci, mai labarai ya cika kwat ɗinsa aka kawo wani, sannan wata Asabar muka wanke ƙafa muka tarar da wasan kokawa. Sojoji suka dawo, mahaifina ya ce to, ya gama canza rigar ke nan. Masaƙu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ni kuma da aka haifa a gindin masaƙa na ƙare ina tsallaka iyakoki ina sayo atamfa.

Ban bar binciken ba. Na taɓa zuwa gidan talabijin ɗin da girmana, da babbar riga, na ce ina neman tsohon shirin yara mai akuya. Wani dattijo ya ce a zamanin faifai tsada gare shi, in an nuna sai a ɗora wani abu a kai. A Kwatano kuma na haɗu da wani mai sayar da leshi da ya rantse shi ne kakakin majalisar. Na riƙe masa hannu na ce ya faɗa mini wa ke ƙarƙashin teburinsa. Ya ce Alhaji, ni da hula ta rufe wa ido, me na gani? Amsar ta zo da wuri. Shi ma ban yarda shi ne kakakin ba.

Karo na ƙarshe da na ba da labarin nan, a bakin iyaka ne, an tsayar da motarmu ana binciken kaya, mun zauna a inuwar wata rumfa. A cikinmu akwai wata Hajiya 'yar kasuwa, ta girme ni, tana ta ɓare lemo har na kai ƙarshe. Sauran suka rabu biyu kamar kullum, direba yana bayan ɗan tela, wani malamin makaranta yana bayan yarinyar. Ita sai ta miƙo mini ɓarin lemo, ta goge wuƙarta a gefen zane.

"Alhaji, ni ba ruwana da akuya," ta ce. "Lokacin da tsumman ya ɗage, tsakaninka da Allah, akwatin kake kallo ko taga?"